Fitilar Ƙofar Kunkuru

Kunkuru muke kiranta, don da ɗakinta take yawo. Doguwar mota ce fara wadda rana ta mayar ruwan madara. A cikinta akwai gado ɗaya, da benci biyu masu kallon juna, da ɗan murhun gas, da tagogi masu labule. Asalinta ta tsohon Balaraben da Baba yake yi wa tuƙi ce, wanda shi ne kafilinsa, mai tsaya masa a takardun zama. Da ita suke fita bayan gari shan iska lokacin yana da ƙarfi. Da ƙafafunsa suka gaza sai ya miƙa wa Baba makulli, ya ce ya riƙe ta kada ta mutu a tsaye. Ina da shekara bakwai a lokacin.

Mu uku ne a gidan, ni da Baba da mahaifiyarsa, Inna. Ba wanda ake kira da sunansa. Sunan Inna aka sa mini, saboda haka Baba yake ce mini Mamana, ita kuma ta ce Takwara. Shi kuwa ɗan fari ne, bakinta ba ya iya furta sunansa, sai ta ce Direba.

Inna ta zo aikin Hajji ne a shekarar da aka haife ni. Ta tarar mahaifiyata ta rasu, ta tarar da ɗanta a wani ɗaki a unguwar Misfala yana ɗura mini madara da cokali, rabi a bakina rabi a rigarsa. Jirgin 'yan garinsu ya tashi ba da ita ba. Tun daga ranar ta zama mace marar takarda, kuma ta koyi zaman da irinsu suke yi. Ta san duk lungunan da za su kai ta Harami ba tare da ta hau babban titi ba. Ba ta ɗaga murya a waje. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ajiye abin da ke hannunta a hankali, ta tsaya tana saurare. Ko da aka fara rushe tsoffin gidaje muka koma unguwar Ka'akiyya, a bayan Kunkuru ta yi tafiyar, tsakanin katifu, labule a sauke.

Ina da shekara goma sha tara takardarta ta fito, bayan Baba ya sha zirga-zirga, kafilinsa kuma ya sa baki. Ɗan kati ne mai hotonta, iƙama. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi hamdala, ta naɗe shi a leda, ta naɗe ledar a ɗankwali, ta kai ƙasan akwati. Wata huɗu suka wuce ba abin da ya sauya. In an ƙwanƙwasa ƙofa har yanzu ajiye cokali take yi.

Abin ya dami Baba. Inna 'yar fadama ce, a lambun albasa da tumatir ta girma, kuma shekara goma sha tara ba ta ga ƙasa mai laima ba sai wadda ke cikin gwangwanin na'ana'arta a bakin taga. Duk lokacin da ya kawo rumman daga Ɗa'ifa sai ta juya shi a hannu ta tambaya, wai da gaske a ƙasar nan ake shuka shi? Ɗa'ifa tana can saman duwatsu, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma akwai shingen bincike a hanya, don haka ba ta taɓa zuwa ba. Wata safiya muna shan shayi Baba ya ce Juma'a mai zuwa za mu hau dutse, ita ma har da ita, kuma a gaba za ta zauna.

“Allah ya kai mu,” in ji Inna.

Mun san wannan amsar. Ita ce amsar da take bayarwa in ba ta da niyya. Baba ya yi kamar bai gane ba. Ya ce hanyar tana da kwana-kwana, gajimare yana saukowa kanta da yamma, fitilun Kunkuru kuwa sun tsufa, dole a sake su gaba ɗaya. Gilashinsu ya yi yana kamar idon tsoho, haskensu bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Ya dawo ranar Talata da kwalaye. Manyan fitilun gaba guda biyu sababbi, da ƙananan ƙwayaye masu yawa, irin na zamani da ake ce wa lid, waɗanda ba su da zare a ciki, ba sa zafi, haskensu fari tas. Na baya, na gefe, na saman rufi, na lamba. Na ƙirga su da ido na ga akwai ɗaya da ya yi rara, na kuma san na ina ne.

A saman ƙofar gefe, inda ake shiga ɗakin motar, akwai wata 'yar fitila da ya kamata ta kama da zarar an buɗe ƙofa. Tun da na san Kunkuru ban taɓa ganin ta kama ba. Kusan kowace Juma'a bayan la'asar, in ba lokacin Hajji ba, Baba yakan kai mu Muzdalifa, don babu shinge a hanyar a irin wannan lokaci. Filin da ke cika da mutane da bas-bas sau ɗaya a shekara sai ka same shi wayam, daga tsakuwa sai iska. Mu shimfiɗa darduma, Baba ya dafa shayi, Inna ta miƙe ƙafa. A nan muke sallar magariba, sannan mu tattara. Kullum a wannan duhu-duhun Inna take hawa da sauka, ni na riga ta sauka na miƙa mata hannu, tana laluben matakala da ƙafa.

Ina shekara goma sha huɗu ta kuskure matakalar. Ta koma ciki ɗauko buta, wajen saukowa hannuna bai kai gare ta ba, ta zube a kan gwiwa. Ba a kai ta asibiti ba, kowa ya san dalili. Wata mai ɗori 'yar Nijar ce ta zo gida, kuma tun daga nan Inna take ɗingishi. Ranar na yi wa Baba maganar da har yau nake jin kunyarta. Da Larabci na yi, don kada Inna ta gane. Na ce yana gyara famfon maƙwabta, yana gyara motar kowa, amma ƙwan fitila ɗaya ya gagare shi saboda mahaifiyarsa. Ya dube ni ya ce, “Na ji, Mamana.” Bai gyara ba. Na riƙe abin a raina shekara biyar.

A farfajiyar bayan gida muka yi aikin, inda katanga ta kewaye mu, na iya naɗe hannun riga ba mai gani. Baba yana da tsarinsa. Kafin ya taɓa komai, da magaribar Talata, ya juya hancin Kunkuru ya fuskanci katanga, ya ja da baya ɗan nesa, ya kunna tsoffin fitilu. Ya ba ni alli ya ce in ja layi daidai inda haske ya tsaya. Sai da na matsa kusa sosai kafin na ga iyakarsa, don hasken ya yi laushi kamar kunu. Na ja layi biyu, na yi wa kowanne 'yar alama a tsakiya.

“Me ya sa za mu auna da tsohuwa, tunda cire ta za mu yi?” na tambaye shi.

“Ita ta san hanya,” ya ce. “Sabuwa ƙarfi kawai gare ta. In ta haura layin nan, idon mai tahowa za ta shiga.”

Washegari bayan la'asar muka kwance na gaba. Ƙusoshin sun ci tsatsa, sai da ya ɗiga musu mai muka jira. Hannunsa ba ya shiga bayan fitilar, nawa ne yake shiga, saboda haka shi yana faɗa ni ina lalube, har na ji ɗan maƙallin wayar ya saki. Inna ta fito da kujerarta ta zauna a inuwa tana tsinke zogale busasshe, tana ba da umarni.

“Direba, ka mayar mini da Takwara bakanike. Wa zai ga baƙin mai a farcen nan ya ce ta yi makaranta?”

“Ai karatun ne muke mora, Inna. Ita ke karanta mini takardar kwalin.”

“Takarda ta ce a shafa mai a goshi?”

Na goge goshina, ashe ƙara shafawa na yi, suka yi ta dariya.

Ƙananan ƙwayayen suna da halinsu. Na sa na farko a fitilar baya, Baba ya taka birki, shiru. Na ce ko lalatacce aka ba shi. Ya ce in zare in juya shi in mayar. Na juya, ya kama jawur. Wai su ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta. Inna ta ce ashe har ƙwan fitila yana da alƙibla. Da muka sa na sigina kuwa sai ta riƙa ƙiftawa da sauri kamar mai tsoro, Baba ya kalle ta ya girgiza kai, ya ce wannan sai ya kai wa mai gyaran wayar mota ya ƙara mata wani abu gobe da safe.

Inna ta shiga ɗora tukunya. Saura fitilar ƙofa. Na ɗauki sukundireba na hau kan matakala tun kafin Baba ya ce komai, don na daɗe ina jiran wannan ranar. Ƙusa biyu ne. Na cire murfin, ƙura ta zubo mini a hannu. Ramin ƙwan ba komai a ciki. A gefe kuma, an cusa wani ɗan ƙulli, tsumman atamfa shuɗi an ɗaure da zare. Na san atamfar. Zanen da Inna ta goya ni da shi ne, ragowarsa har lokacin yana cikin akwatinta. Na taɓa ƙullin na ji abu mai zagaye a ciki.

“Baba, wannan fa?”

Ya goge hannunsa da tsumma.

“Ranar farko da na kai ku Muzdalifa, kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Ta buɗe ƙofa za ta sauka, fitila ta haska mata fuska. Daidai lokacin wata motar sintiri tana wucewa can kan titi. Ko tsayawa ba su yi ba. Amma ta koma ciki ta durƙusa tsakanin benci, har muka dawo gida ba ta ɗago ba. Da muka iso ta ce in cire. Na cire zan yar, kin san ta, ba ta yar da abu. Ta naɗe ta ba ni, na rasa inda zan ajiye, na mayar cikin gidansa.”

“To bayan ta faɗi fa?”

“Na roƙe ta. Har kuka na yi mata.” Ya ninke tsumman hannunsa. “Ta ce gara gwiwa ta tafi da a gan ta a raba ta da ke. Ta kuma ce kada in gaya miki.”

Ina tsaye a kan matakalar da ta karya mata gwiwa, ƙullin a tafin hannuna. Na so in ba shi haƙuri, da Hausa wannan karon. Amma bai ba ni dama ba. Ya miƙo mini sabon ƙwan ya ce, “Yalla, maza, Mamana, rana tana faɗuwa.” Na sa, na rufe murfi, na jefa ƙullin a aljihu.

Bayan sallar magariba ya kunna na gaba. Katangar ta yi fari fat, har ina ganin tururuwa suna bin tsagar bulo. Hasken ya haura layina da kusan taƙi guda. Ya riƙa murza wata 'yar ƙusa a bayan fitilar, ni ina gaban katanga ina cewa ƙara, ƙara, har iyakar hasken ta sauko ta kwanta a kan allin. Sannan ya leƙa cikin gida ya kira Inna ta zo ta ga aiki.

Ta fito tana jan ƙafa, ta tsaya daga baya ta yaba. Ta ce Kunkuru ta yi kwalli. Ta zagayo ta gefe, Baba ya ja ƙofar.

Farin haske ya sauko mata a ka. Na ga fuskarta kamar yadda ban taɓa gani ba, kowane layi, kowace furfura da ta leƙo daga ɗankwali. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ja da baya har ta bugi katanga. Irin hasken tocilar masu bincike ne, wadda ake haska wa mutum a ido. Ba ta taɓa tsayawa a gabanta ba, amma shekara goma sha tara tana ganinta a mafarki.

“Ku je ku dawo lafiya,” ta ce, muryarta can ƙasa. “Ku taho mini da rumman.”

Ta shige gida. Baba ya rufe ƙofar motar a hankali, ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Ban taɓa ganin ya zauna a ƙasa da kayan sallarsa ba.

Ranar Alhamis da hantsi, Baba ya tafi wajen mai waya, na sami Inna tana shafa man zafi a gwiwa. Na zauna kusa da ita, na ajiye ƙullin a cinyarta. Ta dube shi, ta dube ni.

“Direba ba ya riƙe magana,” ta ce.

“Shekara goma sha biyu ya riƙe, Inna.”

Ta kwance zaren da haƙori. Ɗan ƙwai ne mai gilashi, zarensa siriri kamar gashi. Ta ɗaga shi wajen taga tana juyawa.

“Ya mutu tuni. Abin da ya sha zafin garin nan a cikin ƙarfe.”

“In bai mutu ba fa?”

“Ke dai da mafarki, Takwara.”

“In ya kama za ki hau?”

Ta yi 'yar dariya ta hanci. “In wannan ya kama, ni ma na kama.”

Na tashi da sauri, don kada ta janye. Da Baba ya dawo na gaya masa. Ya ce an sayi sabo za a koma tsoho? Sai kuma ya miƙo mini sukundireba. Na cire farin, na goge wa tsohon gindi da gefen mayafina, na tura shi na murɗa. Ban yarda mun gwada ba. Na ce sai tana wurin.

Da magariba ta fito da kanta, ba wanda ya kira ta. Ta tsaya nesa kaɗan, hannu a ƙugu, kamar mai jiran a gama wasan yara. Baba ya ce in ja ƙofar. Na yi bisimilla na ja.

Zaren ya yi ja tukuna, sannan ya buɗe. Haske ne rawaya, mai taushi, bai wuce matakala da ɗan abin da ke gabanta ba. Irin na fitilar ƙwai da take ba ni labari, wadda suke kewayewa a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa. Inna ta matso, ta miƙa hannu ɗaya cikin hasken, ta juya shi ciki da baya.

“Ji lallena ya dushe,” ta ce. “Ba wanda ya gaya mini. Haka za ku kai ni cikin mutane?”

A ranar na kwaɓa mata lalle.

Bayan sallar Juma'a muka kama hanya. Ta zauna a gaba, katin a hannunta, ta cire shi daga leda da ɗankwali, ta riƙe shi da yatsu huɗu a kan cinya. Ina bayanta a kan benci, ina ganin wuyanta ya sandare tun daga nesa da muka hango shingen. Leɓɓanta suna motsi. Baba ya rage gudu, ya sauke gilashi. Wani matashin jami'i ya leƙo, ya dubi Baba, ya yi mana hannu mu wuce.

“Tsaya, Direba,” in ji Inna. Ta miƙa katin ta gaban hancin Baba har waje. “Ka ce masa ya karanta.”

“Inna, ya ce mu tafi.”

“Ni ban ji ba. Ya karanta.”

Jami'in ya karɓa yana murmushi, ya duba, ya mayar mata, ya yi mata addu'ar lafiya, ya kira ta uwarsa. Muka yi nisa. Can sai ta ce, “Ko hoton bai kalla da kyau ba.” Baba ya yi dariya har sai da ya goge ido da bayan hannu.

Hanyar ta yi ta naɗewa tana hawa. Ta ga birai a kan duwatsu ta ce ashe su ma sun zo ba su koma ba. Iska ta yi sanyi. A bayan Ɗa'ifa Baba ya san wani mai lambu, ya bar mu muka shiga. Inna ba ta kula rumman ɗin ba. Bakin kwatar ruwa ta nufa, ta durƙusa a kan gwiwarta mai lafiya, ta damƙi ƙasa ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Sannan ta fara yi wa mai lambun faɗa da Hausa, wai ya cika wa albasarsa ruwa, shi kuma yana ta gyaɗa kai.

Muna saukowa gajimare ya rufe hanya. Baba ya kunna sababbin fitilu, haskensu ya kwanta a kan kwalta bai tashi sama ba, layin gefen titi ya fito sarai, motocin da ke tahowa ba wadda ta yi mana ƙorafi da fitila. Lokacin sallah ya yi, ya sami wani fili a gefen dutse inda wasu iyalai suka tsaya, ya faka a kusa da su.

Inna ta biyo ta ciki ta ɗauki butarta. Na riga ta zuwa ƙofa, na ja, rawayan hasken ya zubo a kan matakala da tsakuwar da ke ƙasa. Wasu mata a kan darduma suka juyo suna kallonmu. Na sauka, na juya, na miƙa mata hannu kamar kullum.

Ta tsaya a bakin ƙofa, fitilar a saman kanta, sabon lallenta ya yi ja. Ta yi wa matan sallama da ƙarfi, suka amsa. Sannan ta dubi hannuna.

“Matsa, Takwara,” ta ce. “Kina tare mini haske.”

Na matsa. Ta dafa ƙarfen ƙofa, ta dubi matakalar, ta sa ƙafa.